Allurar Sinadarin Girma: Wa Take Yi wa Amfani?

Yau maganarmu a kan tsawon yara ce, da kuma wata allura da likitoci ke rubutawa, wadda ake kira allurar sinadarin girma.

Ba wata uwa da hankalinta zai kwanta idan ta ga ɗanta shi ne ƙarami a ajinsu kullum, ko ƙaninsa ya kamo shi har ya wuce shi, ko kuma kayan makarantar da aka ɗinka wa yarinya shekara uku da suka wuce har yau ba su yi mata kaɗan ba. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan ta ce ai gado ne, waccan ta ce a jira ya balaga zai miƙe, wata kuma ta nuno miki talla a Facebook ko WhatsApp na wani gari ko ƙwaya wai maganin tsawo. To allurar girma dai gaskiya ce, akwai ta, kuma tana aiki. Sai dai yaran da take yi wa amfani 'yan kaɗan ne a cikin gajerun yara, kuma tana da lokacin da idan ya wuce, ya wuce ke nan. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne yadda uwa za ta gane ko nata ɗan yana cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin, tun lokaci bai ƙure ba.

Mene ne sinadarin girma?

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, akwai wani ɗan ƙullutun nama da bai fi ƙwayar wake girma ba. Likitoci na kiransa fituwitari. Duk ƙanƙantarsa, shi ne kamar uwargida a cikin ƙullutan jiki, domin shi ke ba sauran umarni. Shi ke tayar da ƙullutun maƙogwaro, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, shi ke tsara al'adar mace, shi ke sa nono ya kawo ruwa bayan haihuwa. Shi ne kuma ke fitar da sinadarin girma.

Ba a jere yake fitar da shi kamar ruwan famfo ba. Yakan tsarto shi ne lokaci zuwa lokaci, kuma mafi yawa da dare, sa'ad da yaro ya yi nisa cikin barci. Idan sinadarin ya shiga jini sai ya je hanta, ita kuma hanta ta haɗa wani sinadari na biyu mai suna IGF-1. Su biyun nan ne ke aiki a kan ƙashi. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani faifai na guringuntsi. A nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Idan balaga ta kammala, sai wannan guringuntsi ya daskare ya koma ƙashi. Ga 'ya mace hakan kan faru tsakanin shekara 14 zuwa 16, ga ɗa namiji kuma tsakanin 16 zuwa 18. Daga ranar da ya rufe, babu allura, babu ƙwaya, babu motsa jikin da zai ƙara wa mutum ko santimita ɗaya. Ki riƙe wannan da kyau 'yar uwa, don a kansa sauran bayanin ya ginu.

Yaya girman yaro mai lafiya yake?

Jariri kan zo duniya da tsawon kusan santimita 50. A shekarar farko yakan ƙara kusan 25, a ta biyu kusan 12, a ta uku wajen 8. Idan ya kai shekara 4 yana kusan mita ɗaya, wato ya ninka tsawonsa na haihuwa. Daga nan har zuwa balaga yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a kowace shekara. Da balaga ta zo sai ya yi wani irin miƙewa, mace ta ƙara kusan 8 a shekara, namiji kusan 10. Yarinya kuwa idan ta fara al'ada, to mafi yawan tsawonta ya riga ya samu, abin da ya rage mata ba ya wuce santimita 5 zuwa 7 a galibi.

Kin ga ke nan abin dubawa ya wuce a ce yaro gajere ne yau. Abin tambaya shi ne, santimita nawa ya ƙara daga bara zuwa bana? Gajeren yaron da ke ƙara 5 ko 6 a shekara yana kan hanya. Wanda kuwa ya wuce shekara 4 amma ba ya ƙara ko da santimita 4 a shekara, to shi ne ya kamata likita ya gani, ko da a ido bai yi gajartar a zo a gani ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da likitoci ke yi, ke ma za ki iya. Ki haɗa tsawonki da na maigida. Idan ɗan namiji ne ki ƙara 13, idan mace ce ki debe 13, sannan ki raba biyu. Misali, ke kina santimita 155, maigida yana 167, jimla 322. Ɗanku namiji ana sa ran ya kai kusan 167 da rabi, 'yarku kuma kusan 154 da rabi, da ɗan ƙari ko ragi na kamar santimita 8. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma gajerun iyaye ba sa tsammanin zanƙalelen ɗa.

Me ke kawo gajarta?

Na farko gado, kamar yadda muka gani. Wannan ba cuta ba ce. Na biyu jinkirin balaga, wanda ya fi yawa a 'ya'ya maza. Yaro zai kai shekara 13 ko 14 yana nan kamar ɗan firamare, sa'o'insa duk sun miƙe sun yi murya, sai daga baya shi ma ya taso ya kamo su. Sau da yawa idan aka bincika za a tarar mahaifinsa ma haka ya yi, ko mahaifiyarsa ta yi jinkirin fara al'ada.

Na uku, wanda shi ne babba a wajenmu, tsumburewa saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo a farkon rayuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Waɗannan yara ba sinadarin girma suka rasa ba. Abin mamaki ma, idan aka auna jinin yaro mai tamowa sau da yawa za a tarar sinadarin ya yi yawa, hanta ce ta kasa amsa kiransa saboda ba ta da kayan aiki. Kamar ki tara magina ne a fili babu bulo babu siminti. Ƙaro magina ba zai tayar da gini ba. Maganin wannan yana cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2: cimar mai ciki, nonon uwa zalla na wata 6, sannan kunun da aka inganta da gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, da kifi, da ganye irin su zogale, ga rigakafi da tsabtar ruwan sha.

Na huɗu cututtukan da ke daɗewa a jiki, irin su sikila, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, tarin fuka, tsutsar ciki, da gudawar da ba ta jin magani. Haka ma idan ƙullutun maƙogwaro ya yi rauni, yaro kan daina girma, ya riƙa yawan barci da jin sanyi da taurin bayan gida. Shi wannan maganinsa 'yar ƙwaya ce mai araha da ake sha kullum da safe, kuma yaro kan miƙe da ita.

Na biyar kuwa mu ne da hannunmu. Wasu daga cikin magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, haka ma wasu mayukan bilicin. Idan aka daɗe ana ba yaro ko ana shafa masa, fuska za ta kumbura ta yi kamar ƙiba, amma ƙashi zai tsaya cak. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Su wa allurar ke yi wa amfani?

Na gaba-gaba su ne yaran da ƙullutun fituwitarinsu ba ya fitar da sinadarin yadda ya kamata. Ana ƙiyasta yaro 1 ne a cikin 4,000 zuwa 10,000. Wani da abin aka haife shi. Wani kuma daga baya ya same shi, sanadiyyar buguwa mai tsanani a ka, ko sanƙarau, ko ƙari a ƙwaƙwalwa, ko gashin da ake yi wa masu ciwon daji a ka.

Irin wannan yaro yana da kama. Jikinsa daidai yake, hannu da ƙafa da kai duk sun dace da juna, sai dai komai ƙarami. Fuskarsa ta fi shekarunsa yarinta, yakan yi ɗan tumbi, muryarsa siririya, haƙoransa kan yi jinkirin fitowa da famfara. Basirarsa kuwa lafiya lau, wani ma shi ne na ɗaya a aji. A jarirai alamun sukan zo da faɗuwar sukarin jini har da jijjiga, da shawarar da ta ƙi wucewa, da ƙanƙantar gaba ƙwarai ga ɗa namiji. Idan kuma yaron da ke girma lafiya ya tsaya, ga ciwon kai da amai da safe, ko ganinsa ya ragu, ko yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, to wannan ba na jira ba ne uwargida. A tafi asibiti a makon nan, domin yana iya zama ƙari ne ke danne ƙullutun.

Masu kallon ƙwallo a gidajenmu sun san Lionel Messi, ɗan ƙasar Ajantina da aka haifa a 1987. Tun bai wuce shekara 11 ba aka gano yana da wannan lalura, ya fara yi wa kansa allura kullum. Yana da shekara 13 ya koma kulob ɗin Barcelona a Sifen, suka ɗauki nauyin maganin. Ya tsaya a mita 1.70. Allurar ba ta mai da shi dogo ba, ta dai kai shi inda jikinsa zai kai da ba shi da lalurar.

Akwai kuma wata lalura da ta shafi 'ya'ya mata kaɗai, ana kiranta lalurar Tana, da sunan likitan Amurka Henry Turner da ya bayyana ta a 1938. Takan sami mace 1 a cikin kusan 2,500. Kowace mace tana da ƙwayar halitta ta X guda biyu, ita kuwa mai wannan lalura ɗaya ta ɓace ko ta gutsure. Yarinyar kan kasance gajeruwa, wani lokaci da faffaɗan wuya, kuma sau da yawa ƙirji ba ya fitowa, al'ada ba ta zuwa. Nawa ne daga cikin irin waɗannan 'yan mata aka yi ta yawo da su wajen masu magani ana cewa jifa ne ko aljanu, alhali gwajin jini ɗaya zai faɗi gaskiya? Idan aka fara allura da wuri takan ƙara mata kamar santimita 5 zuwa 8 a kan tsawon da za ta tsaya, sannan a ba ta sinadarin mata domin ta balaga. Ana kuma duba mata zuciya da ƙoda, don lalurar kan taɓa su.

Bayan waɗannan, ana rubuta allurar ga yara masu ciwon ƙoda mai daɗewa, da waɗanda aka haifa ƙanana ƙwarai kuma suka kasa kamo sa'o'insu har bayan shekara 2, da wasu lalurorin halitta 'yan kaɗan. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a ba yaran da suka yi gajarta sosai ba tare da an gano dalili ba. Sai dai a nan ribar ba ta da yawa, kusan santimita 4 zuwa 6 bayan shekaru ana allura, wani ma ba ya samun hakan, shi ya sa har yau likitoci ke muhawara a kai. Shi kuwa wanda muke kira wada, mai gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai, matsalarsa a ƙashin take, wannan allura ba ta yi masa wani abin kirki. A 2021 aka fito da wani magani daban mai suna Voxzogo domin irin waɗannan yara.

Yaya likita ke ganowa?

Ba daga gani ake rubuta wannan allura ba. Likita zai fara da tambayar nauyin yaro a haihuwa, da cimarsa, da ciwukan da ya yi, da tsawon iyaye. Zai auna shi ya sa a jadawalin girma, ya sake aunawa bayan wata 6. Zai duba jini da fitsari da bayan gida domin ya kawar da sauran dalilan da muka lissafa. Zai sa a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu, wanda ke nuna shekarun ƙashi. Yaro ɗan shekara 10 mai ƙarancin sinadarin, ƙashinsa na iya nuna shekara 7, kuma wannan albishir ne ta wani ɓangare, domin yana nufin da sauran lokaci.

Sai an wuce duk wannan ake zuwa gwajin sinadarin kansa. Da yake tsartuwa yake yi, ɗiban jini sau ɗaya ba ya nuna komai, lafiyayyen yaro ma za a iya tarar da kusan babu. Don haka ake kwantar da yaro na 'yan awoyi da safe bai ci komai ba, a ba shi wani magani da zai zaburar da ƙullutun, a riƙa ɗiban jini bayan kowane rabin awa ana gani ko zai amsa. Idan bai amsa ba, sai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Wannan aiki ne na likitan yara da ya ƙware a fannin sinadaran jiki, kuma a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki fara daga asibitin da ke kusa da ke, ki nemi takardar turawa.

Daga ina maganin ya samo asali?

Tarihinsa akwai darasi a ciki. Masu ciwon suga sun daɗe suna amfani da insulin da aka ciro daga dabbobi, amma sinadarin girma na dabba ba ya aiki a jikin ɗan Adam. A 1958 wani likita a birnin Boston na Amurka, Maurice Raben, ya ba da rahoton yaron da ya yi wa magani da sinadarin da aka tatso daga ƙullutan mamata, kuma yaron ya girma. Daga 1963 zuwa 1985 yara kusan 7,700 aka yi wa haka a Amurka kaɗai. Maganin ya yi ƙaranci ƙwarai, har layi ake bi.

A 1985 sai aka gano wasu matasa da aka yi wa allurar tun suna yara sun kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa da ake kira CJD, 'yar uwar cutar haukan shanu. Ashe ta biyo maganin ne daga wasu gawarwakin, ta kwanta shekaru a jiki kafin ta bayyana. A Faransa fiye da mutum 100 ne suka rasu ta wannan hanya. Nan take aka dakatar. Cikin sa'a, a wannan shekarar ta 1985 kamfanin Genentech ya sami izinin sayar da wanda aka haɗa a ɗakin bincike, inda ake dasa umarnin halittar sinadarin a cikin ƙwayoyin bakteriya su riƙa samar da shi. Na yau duk irin wannan ne, babu abin mamaci a ciki, babu kuma haɗarin waccan cuta. Darasin shi ne, idan maganin da likitoci suka bayar da hannunsu ya iya ɓoye illa shekara da shekaru, ina ga wanda aka saya a intanet ba a san inda aka haɗa shi ba?

Yadda ake yin allurar

A ƙarƙashin fata ake yin ta, da wani abu mai kama da biro, mai ɗan siririn tsini kamar na masu ciwon suga. Uwa ce ke koya ta riƙa yi a gida, yaro kuma idan ya yi wayo ya karɓa. Kullum ake yi da dare kafin barci, don a kwaikwayi yadda jiki ke yi, ana sauya wuri tsakanin cinya da ciki da ɗuwawu da damtse. Daga 2020 zuwa 2023 an fito da nau'o'in da ake yi sau ɗaya a mako, irin su Sogroya da Skytrofa da Ngenla. Likita ne ke ƙayyade yawan maganin gwargwadon nauyin yaro, kuma yana ganinsa duk bayan wata 3 zuwa 6.

Yaron da ke da ƙarancin sinadarin da gaske, wanda a da yake ƙara santimita 3 ko 4, a shekarar farko ta allura yana iya ƙara 10 zuwa 12. Daga nan saurin kan ragu. Ana ci gaba har sai guringuntsin ya kusa rufewa, wato ƙarin ya koma ƙasa da santimita 2 a shekara. Wanda aka fara wa yana shekara 5 ko 6 ya fi wanda aka kawo yana 13 cin riba nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Illolinta ba su da yawa ga yara, amma a san su. Ciwon kai mai tsanani da amai ko ganin abu biyu-biyu, ɗingishi ko ciwon ƙugu da gwiwa, karkacewar ƙashin baya ga wanda dama yana da ita, da hawan sukarin jini. Duk wanda aka gani a cikin waɗannan, a koma wa likita ba tare da jiran ranar da ya sa ba. Ba a ba mai ciwon daji da ba a gama maganinsa ba, ba a kuma ba wanda ke kwance rai a hannun Allah.

Abu biyu ne ke wahalar da iyaye a ƙasashenmu. Na ɗaya sanyi. Mafi yawan nau'o'in sai an ajiye su a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada su daskare, kada kuma su yi zafi, ga kuma halin wutar lantarkinmu. Na biyu kuɗi. A Amurka maganin shekara ɗaya kan haura dala 10,000, sau da yawa ya ninka haka, kuma magana ce ta shekaru. Don haka kafin a fara, ke da maigida ku zauna da likita ku tambaye shi ƙarara: santimita nawa ake sa rai, shekara nawa za a yi, nawa ne a wata, ina za a riƙa samu ba yankewa. A yi wata uku a tsaya, asarar kuɗi ce kawai.

Manya fa?

Babba ma jikinsa na fitar da sinadarin, kaɗan-kaɗan har tsufa. Aikinsa a nan shi ne riƙe ƙarfin tsoka da ƙashi da hana kitse taruwa. Tun 1996 aka amince a Amurka a riƙa ba manyan da suka rasa shi, galibi waɗanda aka yi wa aikin ƙari a ƙullutun, ko gashi, ko suka bugu a ka. Alamunsu kasala, tumbi, raunin jiki, saurin karaya, da rashin walwala. Abin da ake ba su kaɗan ne idan aka kwatanta da na yara, kuma yakan jawo kumburin ƙafa da ciwon gaɓoɓi da dindiris a yatsu idan ya yi yawa. Ba ya ƙara musu tsawo.

A nan akwai abin da ya shafe mu mata kai tsaye. Lokacin goyon ciki ƙullutun fituwitari yakan ƙara girma, ya ƙara buƙatar jini. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ta galabaita, wani sashe nasa na iya mutuwa. Likita Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, ake kuma kiran lalurar da sunansa. Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawo ruwa. Sai al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jiri da jin sanyi. Mace kan yi shekaru a haka, ana cewa son jiki ne ko sammu. Sinadarin girma na cikin na farko da ake rasawa, amma likita ba da shi yake farawa ba. Yakan fara da wanda ke riƙe hawan jini da sukari, don rashinsa na kisa, sannan na maƙogwaro, sannan na mata, sinadarin girma ya zo a ƙarshe idan da hali. Idan kin san wata da wannan bayani ya yi kama da halinta, don Allah ki isar mata, ta je ta faɗa wa likita cewa ta taɓa zubar da jini a haihuwa.

Masu neman abin da allurar ba ta yi

A 1990 wani likita mai suna Daniel Rudman ya wallafa bincike a kan tsofaffi maza 12 da aka yi wa allurar wata 6, tsokarsu ta ɗan ƙaru, kitse ya ragu. Daga nan 'yan kasuwa suka ɗauka suna tallar ta a matsayin maganin tsufa. Binciken da suka biyo baya ba su nuna tana ƙara ƙarfi ko tsawon rai ga lafiyayye ba, sai kumburi da ciwon gaɓoɓi da barazanar ciwon suga. A wasanni kuma haramtacciya ce. Idan kina son sanin abin da yawan sinadarin ke yi, akwai cutar da ƙari ke sa ƙullutun ya riƙa fitar da shi fiye da kima. Ga yaro takan kawo tsawon da ya wuce misali, kamar Robert Wadlow na Amurka da ya kai mita 2.72 ya rasu a 1940 yana da shekara 22. Ga babba kuma hannu da ƙafa da haɓa su yi ta girma, zobe da takalmi su daina shiga, zuciya ta kumbura.

Game da gari da ƙwaya da shayin tsawo kuwa, sinadarin girma dangin furotin ne, kamar nama da ƙwai. Idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci. Shi ya sa sai ta allura. Duk wanda ya ce miki yana da na sha, kuɗinki yake so, ko da kuwa ya nuna miki hoton kafin da bayan.

Abin da ke hannunki

Ki nemi tef irin na tela da littafi ɗaya. Duk bayan wata 6, ki tsayar da yaro a jikin bango ba takalmi, diddige da ɗuwawu da ƙeya su taɓa bangon, ki ɗora littafi a kansa ki yi alama, ki auna ki rubuta da kwanan wata. Katin awo na asibiti kuma kada ki yar da shi don an gama rigakafi. Wannan 'yar takarda ta fi wa likita amfani fiye da gwaji mai tsada. Ki kai yaro asibiti idan ba ya ƙara santimita 4 a shekara, ko ƙaninsa da ya ba shekara biyu ya kamo shi, ko yarinya ta kai 13 ƙirji bai fara ba, ko ta kai 15 ba al'ada, ko namiji ya kai 14 ba alamar balaga.

Idan kuma likita ya duba ya ce lafiya lau, gajere ne kawai, to ki karɓa da hannu biyu. Ki hana a riƙa kiransa da sunan tsokana a gida, ki riƙa ɗaukarsa a shekarunsa, kada ki mai da ɗan shekara 12 kamar ɗan 7 don ƙanƙantar jiki. Yaro yana auna kansa ne da idon uwarsa tun kafin ya auna da na mutanen waje.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida, ku huta lafiya.